Mun koya wa yara sunan haddi, ba mu koya masu shubha ba

Daren Lahadin da ta wuce bayan sallar isha'i ina zaune a falo na kudundune cikin bargo, kun dai san sanyin Jos idan ya fara sauka, sai 'yata da ke aji biyu na babbar sakandare ta shigo da littafinta na darasin addinin Musulunci, tace Baba muna da gwaji ranar Talata, dan Allah ka rike littafin ka rinka tambayata. Na karba na duba shafin. An ja layi a tsakiya, gefe daya laifi, gefe daya hukunci. Sata, yanke hannu. Zina, bulala dari ko jifa. Kazafi, bulala tamanin. Shan giya, bulala tamanin. Kisan kai, kisasi ko diyya. Ta kawo su tsaf ba gargada har da ayoyinsu, kuma wallahi na ji dadi. Sai nace to uwata, wa ke da ikon yanke hannun? Tayi shiru, can tace ai Baba jama'ar da suka kama shi ne, ko? Nace mene ne shubha? Tace malam bai kawo mu nan ba. Nace hirzi fa, nisabin sata fa? Tace Baba nisabi ai na zakka ne.

Ban ga laifinta ba, kuma shi kansa malamin ba zan dora masa duka ba, aji cike makil, lokaci kadan, ga manhaja tana korarsa ga WAEC da NECO suna jira, dole ya ba su abin da za su haddace su zuba a takarda. Amma na kwana da abin a raina, domin na taba gani da idona inda wannan rabin karatun yake kai mutum.

Shekarun baya wajen Terminus, da la'asar sakaliya, na ji ihun barawo barawo, kafin in rufe shago in fito an riga an kayar da wani yaro da ba zai wuce sha bakwai ba, silifas daya a kafarsa dayan can gefen kwata, girarsa ta fashe jini na shiga masa ido yana ta cewa wallahi ba ni bane. Wai wayar wata mata aka fizge tana cikin cinikin tumatur. Sai ga wani yana gangaro tsohuwar taya daga wajen mai faci, wani kuma na tambaya wa ke da fetur. Abin da har yau yake min yawo a kunne shi ne muryar wani matashi, ba dan daba ba, ba dan sara-suka ba, kaftaninsa a goge hularsa a kafe, yana daga hannu yana cewa a Musulunci ma haddi ne, jininsa ya halatta. Allah ya kawo wani dattijo mai sayar da goro, ya kutsa ya tsaya a kan yaron ya baza babbar rigarsa ya rufe shi, yace 'ya'yana, wa ya gan shi da idonsa a cikinku? Ina wayar? Aka laluba aljihunsa babu waya. Aka tambayi matar tace ita dai jar riga ta gani, ba ta ga fuska ba. A haka 'yan sanda suka iso suka tafi da shi caji ofis.

Ni ba masu taya da fetur ne suka fi damuna ba, su an san su, da yawansu ba sa cikin hayyacinsu. Mai kaftanin nan ne. Ya je makaranta, ya san kalmar haddi, kuma kalmar ce ta ba taron karfin gwiwa, tunda yanzu abin ya tashi daga dukan kawo wuka ya koma kamar ibada. Shafin da ke littafin 'yata shi ne a kansa, layi biyu, laifi da hukunci, babu komai a tsakani. To a tsakanin nan kuwa duk shari'ar take.

Mu dauki haddi din kansa. Asalin kalmar iyaka ce, kuma iyaka ai gefe biyu gare ta, tana tsare mai laifi kar ya ketara, tana kuma tsare mai hukunci kar ya kara ko kwayar bulala daya. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kakanninmu suka tashi da shi bayan Ahalari da Iziyya, ya san akwai babi guda na hukunce-hukuncen jini da haddi, kuma mafi yawan babin sharudda ne. Ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai nisabi, a mazhabar Malik rubu'in dinari na zinare ko dirhami uku na azurfa. Sai an fitar da shi daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irinsa. Sai shaidu biyu adilai sun tabbatar a gaban alkali ko shi ya yi ikirari da bakinsa, kuma in ya janye ikirarin an sauke masa haddin, sai dai ya biya kayan. Har wa yau a cikin Risalar akwai cewa babu yanke hannu a kan fizge, wato wanda ya warce abu a bainar jama'a ya ruga, wannan ta'aziri ne, horon da alkali zai auna ya ga ya dace, dauri ko bulala ko makamancinsu. In da makami ya tare mutum to an shiga wani babin, babin hiraba, mai tsanani kwarai, shi ma kuma sai gaban alkali. Ka ga kenan ko da yaron Terminus shi ya dauki wayar, abin da mai kaftani ya fada ba haka yake ba ko a littafin da yake jin yana karewa. Wuta kuwa ba ta cikin lissafi sam, hadisi ne a Bukhari cewa ba mai azaba da wuta sai Allah.

Sai shubha, kalmar da 'yata tace ba a kawo su ba, wadda ni a ganina ita ya kamata a fara rubutawa a saman allo kafin a ambaci ko hukunci daya. Shubha ita ce duk wani kokwanto da zai sa a ce anya kuwa. Ka'ida ce da malaman fikihu suka tafi a kai cewa ana tunkude haddi da shubha, gara alkali ya yi kuskure wajen saki da ya yi kuskure wajen yankewa. Sayyidina Umar, wanda duk muke kafa misali da tsananinsa, ya dakatar da yanke hannu a shekarar fari da yunwa da ake kira shekarar toka, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Kuma a Muwadda akwai labarin bayin Hadib da suka sace taguwar wani mutumin kabilar Muzaina suka yanka, Umar ya fara ba da umarnin a yanke masu hannu, da ya fahimci ubangidansu yana barinsu da yunwa sai ya fasa, ya juya kan ubangidan, mai taguwa yace dirhami 400 ma ya ki sayar da ita, Umar yace a biya shi 800. Ma'izu, sahabin da ya yi ikirarin zina, ya zo da kafarsa yana cewa a tsarkake shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kawar da kai yana mayar da shi, yana tambaya ko yana da tabin hankali, ko ya sha wani abu. Wannan shi ne ruhin abin, ana neman kofar da mutum zai fita, mu kuma yau muna rige-rigen rufe ta.

Mu da muke da wayo lokacin da Zamfara ta kaddamar da shari'a a Oktoban 1999 har wasu jihohi 11 suka bi, mun tuna shari'ar Safiya Husaini a Sakkwato da ta Amina Lawal a Katsina. Kotun kasa ta yanke masu jifa, duniya ta dauka, amma kotunan daukaka kara na shari'ar Musulunci ne suka soke hukuncin, na Safiya a Maris 2002, na Amina a Satumba 2003, kuma da hujjojin fikihu da ka'idojin shari'ar suka soke. Yara nawa ne a makarantunmu aka taba ba su wannan a matsayin darasi? Sun san an ce jifa, ba su san me ya hana jifan ba.

Kazafi kuwa, kullum sai na bude Facebook na ga mutane na aikata shi da yatsa daya. A dora hoton yarinya ko matar aure, kowa ya zo ya rubuta abin da ya ga dama, wasu har da ayar Alkur'ani a saman shafinsu. Alhali suratun Nur aya ta 4 karara take, ka jefi kamammiya da zina ba ka kawo shaidu hudu ba, kai za a yi wa bulala tamanin kuma a daina karbar shaidarka. A zamanin Umar mutum uku suka ba da shaida, na hudun ya kasa fayyacewa, ukun aka yi wa bulala. Yaranmu sun haddace tamanin din, amma ba a nuna masu cewa bayan mai yada zancen take sauka ba.

Amma kalmar da ta fi ci min rai a matsayina na dan Jos ita ce kisasi, domin babu garin da ya biya kudin rashin fahimtarta kamar namu. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 na san inda nake, kowa a garin nan da ya kai shekaru ya san inda yake. Sai karshen Nuwamba 2008 bayan zaben karamar hukumar Jos ta Arewa, sai Janairun 2010 da abin da ya faru a Kuru Karama, sai Maris na shekarar a Dogo Nahawa, sai 14 ga Agusta 2021 da aka tare matafiya a hanyar Rukuba, kwanaki kadan bayan nan aka afka wa Yelwa Zangam da dare. Kowane daya in ka tambayi wadanda suka yi za su ce maka ramuwa suka yi, an taba namu. Kuma na sha jin matasanmu suna cewa ai rai da rai ne, Allah ma ya ce. A'a dan'uwa, Allah bai ce haka ba. Kisasi shi ne a kashe wanda ya yi kisan, shi din nan da kansa, bayan an tabbatar a gaban alkali, kuma hukuma ce ke zartarwa. Ba kaninsa ba, ba dan kabilarsa ba, ba mai keke napep din da ya biyo ta unguwarku da fasinja bai ma san me ake ciki ba. Ayar da ke cewa wani rai ba ya daukar nauyin laifin wani ta zo a An'am da Isra'i da Fadir da Zumar da Najmi, sau nawa ake so a maimaita mana? A Isra'i aya ta 33, inda aka ba waliyyin wanda aka kashe hakki, nan take aka ce masa kada ya wuce iyaka wajen kisa. Larabawa kafin Musulunci in an kashe masu mutum daya sai su ce sai sun kashe goma, ko sai babba a madadin karami, kisasi ya zo ne ya kashe wannan dabi'ar, shi ya sa Bakara aya ta 179 tace akwai rayuwa a cikinsa. Abin da muke yi a garin nan da sunan ramuwa shi ne ainihin abin da ayar ta zo ta hana, ramuwar gayya ce ta jahiliyya, sai muka sa mata rigar addini.

Kuma a ayar da ke gabanta, ta 178, inda aka wajabta kisasin, a nan aka ambaci afuwa, har aka kira mai kisan da waliyyin mamaci 'yan'uwa. Magada suna da hakkin su yafe ko a daidaita a kan diyya, rakuma dari ko dinari dubu, sannan a wajen Malikiyya ko an yafe wa mai kisan ganganci ana yi masa bulala dari da daurin shekara guda, domin al'umma ma tana da hakki. Kisan kuskure daban, babu kisasi a ciki, diyya ce a kan dangin bangaren uba, ana biya cikin shekara uku, shi kuma ya yi kaffara. Kisan gilla, kalmar da muke ji kullum a rediyo, asalinta daga fikihu ne, a yaudari mutum a kashe shi, kuma wannan a mazhabarmu babu afuwa a cikinsa ko magada sun yafe. Dubi yadda aka rarrabe komai dalla-dalla, sai mu zo mu dunkule shi a kalma daya mu mika wa yaro dan sha shida a garin da akwai unguwannin da har yau wani ba ya iya shiga bayan magariba.

Ina da makwabcin shago Kirista da muka dade tare, na ba shi labarin 'yata sai yayi ajiyar zuciya yace Malam ai mu ma haka ne. Yace yaransu sun san ido maimakon ido, hakori maimakon hakori da ke littafin Fitowa, amma kadan ne za su gaya maka cewa a Attaura din nan an ce ba a tabbatar da laifi da shaida daya sai biyu ko uku, an ce ba a kashe uba don laifin da ko da don laifin uba, an kuma ware biranen mafaka guda shida inda wanda ya yi kisa da kuskure zai gudu kar mai neman fansa ya taba shi kafin a yi shari'a. Yace balle abin da ke Matiyu sura 5 na juya daya kuncin, da inda Bulus ya rubuta wa Romawa cewa kada su rama, ramuwa ta Allah ce. Yace a darasi ana karantawa a wuce, ranar da gari ya rikice ba mai tunawa. Ni ba malamin addininsu bane, abin da ya fada min na kawo, amma na gane ciwon iri daya ne, ana ba yara kaifin wukar ba a ba su kube.

Na san abin da wasu za su ce, domin an fada min a majalisa. Na farko wai irin wannan magana tana sassauta shari'a, tana kare barayi. Ni ban kawo komai daga aljihuna ba, duk abin da na ambata yana cikin littattafan da ke zauren malamanmu, wanda ya boye sharudda shi ne ya rage shari'a. Kuma tsananin yana nan inda yake, lokacin da Usama ya je ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Manzon Allah ya yi fushi yace ko Fadima ce ta yi sai ya yanke hannunta. Wato idan abu ya tabbata a gaban hukuma babu dan wane, kafin ya tabbata kuwa babu mai ikon taba gashin kan mutum.

Na biyu ya fi nauyi kuma ba zan yi kamar ban ji shi ba. Suna cewa ka kama barawo ka kai caji ofis gobe ka gan shi a bakin layi yana maka dariya, an kashe maka dan'uwa an kafa kwamitin bincike rahoton ya shige durowa, to me kake so mutane su yi? Wallahi gaskiya ne, ni ma an fasa min shago an kwashe kaya, na yi ta zirga-zirga har na gaji na bar wa Allah. Kwamitoci nawa aka kafa a kan rikicin Jos, mutum nawa aka gani an hukunta? A daya gefen kuma gidajen yari, da tun 2019 aka sauya masu suna zuwa gidajen gyaran hali, mafi yawan wadanda ke ciki jiran shari'a suke yi, talaka ya shekara biyu uku a kan abin da ko an same shi da laifi wata shida ne. Wannan zalunci ne kuma alhakinsa na wuyan masu mulki da alkalai da 'yan sanda, ya kamata limamai da fastoci su rinka fadar sa a kan mumbari ba tsoro. Amma gazawar alkali ba ta mayar da ni alkali. Ranar da muka yarda taro ya yanke hukunci, to mun yarda da abin da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, domin wadanda suka kona su ma cewa suka yi sun kama masu laifi, kuma mun yarda da abin da aka yi wa dalibar nan da taro ya kashe a Sakkwato a Mayun 2022. Ba zai yiwu mu yi kuka da daya mu yi shiru a kan dayan ba, taya daya ce fetur daya ne. Filato ba ta cikin jihohin da ke zartar da haddi, dokar finalkod ce ke aiki a laifuka, kotun daukaka kara ta shari'a da ke Jos aure da gado da makamantansu take dubawa, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Ta kowace kofa ka shiga, ta addini ko ta kasa, ba ka samun inda aka ba mutanen kasuwa wannan ikon.

Akwai kuma bambancin zunubi da laifi da shi ma ba a tsayawa a kai. Hassada zunubi ce, girman kai zunubi ne, amma ba a kai mutum kotu a kansu, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, maganinsu tuba. Yaron da bai san wannan ba shi ne zai girma yana jin duk abin da ya gani ba daidai ba a unguwa aikinsa ne ya dauko gora, har da leken gidajen mutane, alhali suratul Hujurat ta hana bin diddigi, ta kuma ce in an kawo maku labari ku bincika tukuna.

Abin da nake roko wajen malaman makarantun boko da na Islamiyya, da iyaye irina, shi ne a sauya tsarin da ake jero kalmomin nan. A fara da tuhuma da shaida da ikirari da alkali da shubha, yaro ya san su kamar yadda ya san farillan alwala, sannan a zo kan haddi da kisasi da ta'aziri, a rufe da diyya da afuwa da sulhu da tuba. In lokacin aji bai isa ba a rage yawan abin da ake haddacewa, a dauki labari daya kamar na bayin Hadib a warware shi, a tambayi yara ku da kune Umar me za ku yi, a bar su su yi gardama. Masu tsara tambayoyin jarrabawa ma su rinka tambayar sharudda, domin malami abin da ake tambaya yake koyarwa.

A daren nan dai ban bar 'yata ta tafi ba sai da na sa ta dauko rula ta ja layi na uku a shafin, ta rubuta sharudda da mai zartarwa a samansa. Muka fara da sata kadai, kafin mu gama wurin ya cika sai da ta yago wata takarda ta lika da salatif. Mamanta na ta kiran a zo a ci tuwo ya huce. Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai a makarantarsu, na riga na ce mata ta ara min littafin in tafi da shi.